Bindigar Aro

Kakana, Kofur Labaran,
ya shigo Kumasi ba takalmi,
jar dara a ka, bindigar Nasara a kafaɗa.
Bai san sunan wanda ya harba ba.
An ce masa arne ne, an ba shi sule.
Daga baya ya auri 'yar garin,
ita ta haifi ubana,
har ta koma ga Allah ba ta yarda
ta bi ta gaban barikin Adum ba.

Ni ma na sa kaki.
Shuɗiyar hula, wata goma sha ɗaya
a wani ƙauyen zaitun can bayan teku,
inda wasu sojoji suka riga mu zama,
suka ja da baya, suka bar waya mai ƙaya
da wani littafi.

Littafin ya fi wayar ciwo.
Kafin su zo, in ji Abu Ziyad mai gasa burodi,
rijiya ɗaya ce, masallaci biyu,
kowa na zuwa jana'izar kowa.
Sai baƙo ya kafa shinge a bakin gada,
ya lashi yatsa, ya buɗe shafi:
kai wane iri ne?
In ka yi salla, hannu a ƙirji ko a sake?
Mai amsa kaza ya wuce da buhun garinsa,
mai amsa kaza ya yini a rana.
Wanda ya iya yaren baƙo ya zama tafinta,
tafinta ya zama mai unguwa,
mai unguwa ya naɗa liman,
liman ya gajarta huɗuba.
Ɗaya limamin da asuba aka tafi da shi.
Ya dawo bayan damina biyu, ba haƙora,
amma huɗubarsa na cizo.

Ni nawa tsaron shinge ne.
Wani yaro ya ji ina salati,
ya ce, kai Musulmi ne? Na ce e.
Ya ce, namu ko nasu?
Na laluba bakina ban sami komai ba.
Na miƙa masa biskit.
Ya karɓa bai gode ba, kuma da gaskiyarsa.

Daren da gidan burodi ya ƙone
ba baƙo ne ya ƙyasta ashana ba.
Maƙwabci ne, mai cin bashi duk Alhamis.
Mu muka rubuta rahoto,
kwafi uku, da tambari.

Yanzu fansho nake ci, gwiwa na cin ni.
Kullum safe ina bencin Hajiya Talle a Aboabo,
koko da ƙosai, sidi biyar.
Lasifika biyu sun sa juna gaba a tsallaken kwata,
wannan ya ce bidi'a, wancan ya ce rashin ladabi,
kowane da tayil ɗinsa da fankarsa
daga ƙasar da bai taɓa takawa ba.
Zaɓe ya matso, an fara sauke shinkafa da butoci,
kowace alwala da launin jam'iyyarta.

Ba tankar yaƙi a Kejetia, alhamdu lillahi,
sai motocin haya da 'yan tallan ruwa.
Na sha faɗa wa kaina haka.

Jiya jikana Mutawakkilu ya dawo daga allo,
ko jaka bai ajiye ba:
Baba, mu wane iri ne?

Lambar Kofur Labaran na cikin gwangwanin madara
tare da tawa, sun yi tsatsa iri ɗaya.
Ban buɗe ba.
Na ce, je ka gaya wa Malam Issaka
da Malam Gariba shayi ya nuna.
Tare muka yi wasan ƙasa da su,
tare aka yi mana kaciya.

Ɗaya ya zo.
Ɗaya kofin na rufe shi da faranti,
yana nan kan taga.